Rigar da aka ce ba ta cutar da muhalli: ta ina ake gane gaskiyar kamfanonin tufafi?

A watan Satumba na 2022, hukumar da ke kula da gasar kasuwanci da haƙƙin masu sayayya ta ƙasar Holan ta sanar da cewa kamfanonin H&M da Decathlon sun amince su gyara ko su cire wasu kalmomi da suke maƙala wa kayansu, irin su Conscious da Ecodesign, waɗanda ke sa mai saye ya ɗauka cewa rigar da ya riƙe ta fi sauran tausayin muhalli. H&M ya ba da gudummawar yuro 500,000 ga ayyukan kare muhalli, Decathlon kuma yuro 400,000. Abin da hukumar ta tsaya a kai shi ne kamfanonin sun yi iƙirari ba tare da sun bayyana wa mai saye ta ina kayan suka fi ba, da me aka gwada su, kuma da nawa suka fi. Wannan batu ya nuna inda matsalar take, domin a harkar tufafi ba kasafai ake kama kamfani da ƙarya tsagwaronta ba. Abin da aka fi yi shi ne a ɗauko gaskiya ƙarama a rubuta ta da manyan baƙaƙe, a bar babbar a ɓoye.

Dalilin da ya sa hakan ke da sauƙi shi ne tsawon hanyar da riga ke bi kafin ta iso jikin mutum. Ana noma auduga a wata ƙasa, a gurje ta, a kaɗa zare a wata, a saƙa yadi a rina shi a ta uku, a yanka a ɗinka a ta huɗu, sannan a ɗora a jirgin ruwa ko na sama zuwa kanti. Yawancin manyan kamfanonin da sunansu ke wuyan riga ba su mallaki ko ɗaya daga cikin waɗannan masana'antu ba, kwangila kawai suke bayarwa, kuma wanda aka ba kwangilar ɗinki shi ma yakan sayi yadi daga wani, ko ya raba aikin ga ƙananan shaguna da kamfanin bai taɓa jin sunansu ba. A irin wannan doguwar hanya ba a rasa zango guda mai tsabta, don haka kamfanin da ke son yabo zai nuna wannan zangon ya yi shiru a kan sauran. Wanda ke son ya yi hukunci na adalci dole ne ya fara da tambayar wane zango ake magana a kai, da kuma kaso nawa na kayan kamfanin maganar ta shafa.

Zangon da aka fi tallatawa shi ne irin zaren da aka yi yadin da shi, domin shi ne mafi sauƙin rubutawa a 'yar takardar da ke rataye a jikin riga. Fiye da rabin zaren da ake sarrafawa a duniya a yau poliyesta ne, wato roba ce da ake samu daga man fetur, kuma amsar da kamfanoni suka fi bayarwa idan an yi musu ƙorafi ita ce sun koma amfani da poliyesta da aka sake sarrafawa. Mai karatu zai ɗauka tsohuwar riga aka narkar aka yi sabuwa, alhali kusan dukkan irin wannan zare daga gorunan ruwa da na lemo ake yin sa. Gorar roba kuwa ana iya narkar da ita a sake yin wata gorar sau da dama, amma da zarar an mayar da ita yadi, an rina ta, an gauraya ta da auduga ko roba mai talewa, to hanyarta ta ƙare, sai juji ko wuta. Rigar kuma za ta ci gaba da zubar da ƙananan zaruruwan roba a ruwan wanki kamar kowace rigar poliyesta. Ba a musun cewa ana samun ragin makamashi idan an yi zare daga tsohuwar gora maimakon ɗanyen mai, amma ragin bai kai girman abin da kalmar take sa mutane su zata ba. Gidauniyar Ellen MacArthur ta ƙiyasta a rahotonta na 2017 cewa abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga tsohuwar tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ita ma auduga ba ta kuɓuta ba, ko da yake mutane na ganin abin da ya fito daga gona ba zai yi illa ba. Tekun Aral da ke tsakanin Uzbekistan da Kazakistan, wanda a da yana cikin manyan tafkunan duniya, ya ƙafe ne saboda tun daga shekarun 1960 aka karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga. Saboda haka kamfanoni suka koma tallata audugar da aka noma ba takin zamani ba maganin feshi, sai dai irin wannan auduga kaso kaɗan ce ƙwarai cikin abin da duniya ke nomawa, kuma yawan rigunan da ke ɗauke da sunanta ya isa ya sa mai hankali ya yi tambaya. A 2020 hukumar da ke kula da shaidar GOTS, wato takardar da ke tabbatar da cewa an yi kaya da irin wannan auduga, ta bayyana da kanta cewa ta gano takardun jabu da aka yi wa tan 20,000 na auduga a Indiya. Akwai kuma shirin Better Cotton, wanda manyan kamfanoni da yawa ke fakewa da shi, wanda ya daɗe yana aiki da tsarin lissafi maimakon bin sawun audugar kanta. Ma'ana, ana cakuɗa audugar shirin da sauran auduga a masana'anta, kamfani kuma ya sayi takardar adadin da aka zuba. Kamar mutum ne ya juye mudu goma na sabon gero a rumbun da ke cike da tsoho, sannan ya ɗebo kowane mudu goma ya sayar da sunan na bana. Kuɗin na iya amfanar manomin da ya gyara nomansa, amma rigar da ke hannunka tana iya kasancewa babu ko zare ɗaya na audugarsa a cikinta. A 2024 ƙungiyar bincike ta Earthsight ta ƙara jefa shirin cikin zargi, da ta danganta audugar da ke da shaidarsa da sare daji da rikicin filaye a yankin Serado na Barazil, ta kuma ce audugar ta kai ga masana'antun da ke yi wa H&M da Zara ɗinki.

Wani misalin da ya fi waɗannan fitowa fili shi ne yadin da ake cewa na itacen gora ne. Itacen gora yana saurin girma, ba ya kuma buƙatar feshi mai yawa, amma kafin ya zama yadi mai santsi sai an narkar da shi da sinadarai masu ƙarfi da ke cutar da ma'aikata da koguna idan ba a killace su ba, kuma abin da ke fitowa a ƙarshe yadin rayon ne kamar wanda ake yi da kowane itace. A 2022 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sa Walmart ya biya dala miliyan 3, Kohl's kuma dala miliyan 2.5, saboda sayar da rayon da sunan gora tare da yi masa kirarin kare muhalli.

Har alƙaluma ma suna iya yaudara. Shekaru da dama masana'antar tufafi ta dogara da wani ma'auni mai suna Higg, wanda gamayyar kamfanonin da kansu suka kafa, domin faɗa wa mai saye cewa wannan yadi ya rage shan ruwa da kaso kaza. A watan Yuni na 2022 hukumar kare masu sayayya ta Noway ta ce amfanin da kamfanin Norrøna ya yi da waɗannan alƙaluma yaudara ce, ta kuma gargaɗi H&M, saboda alƙaluman matsakaicin lissafi ne na duniya, ba a auna su a kan gonar ko masana'antar da ta yi wannan rigar ba. Gamayyar ta dakatar da nuna wa masu saye ma'aunin. Darasin da ke nan ga mai bincike shi ne lamba ba ta zama hujja don kawai lamba ce, sai an san wanda ya auna, da abin da ya auna.

Takardun shaida su ma kowace da iyakarta, kuma jahilcin wannan iyaka ne kamfanoni ke ci da shi. Tambarin OEKO-TEX Standard 100 yana nufin an gwada yadin an ga babu sinadarin da zai cutar da fatar mai sawa fiye da ƙa'ida, bai ce komai ba game da kogin da aka zuba ruwan rini ko albashin wanda ya ɗinka. GOTS ya fi shi faɗi, domin yana bin kaya daga gurza zuwa ɗinki, yana kuma sharɗanta aƙalla kashi 70 cikin 100 na zaren ya kasance wanda aka noma ba sinadari. Sannan akwai tambura da ganye-ganye kore da kamfani ke zana wa kansa, waɗanda ba su da wata daraja face ta ado. Mafi muni shi ne takardar masu duba masana'antu, domin sau da yawa mai masana'antar ne ke biyan mai dubawa, kuma yakan san ranar zuwansa. A watan Satumba na 2012 gobara ta kashe ma'aikata fiye da 250 a masana'antar Ali Enterprises da ke Karachi, makonni kaɗan bayan an ba ta shaidar SA8000 ta kyawun yanayin aiki.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan wani bambanci da nake ganin ya fi yawancin tambura amfani, wato bambancin alkawarin da kamfani ke iya janyewa duk ranar da ya ga dama da alkawarin da za a iya kai shi ƙara a kansa. Bayan ginin Rana Plaza mai masana'antun ɗinki ya rufta a Savar, kusa da Daka babban birnin Bangaladash, ranar 24 ga Afrilu, 2013, ya hallaka mutum 1,134, kamfanoni fiye da 200, akasarinsu na Turai, sun sa hannu tare da ƙungiyoyin ƙwadago a wata yarjejeniya ta kare gine-gine da gobara a Bangaladash wadda ke da ƙarfin shari'a. Ta tanadi injiniyoyi masu zaman kansu, da wallafa sakamakon binciken kowace masana'anta, da wajibcin yanke hulɗa da wadda ta ƙi gyara. Wasu manyan kamfanonin Amurka, cikinsu har da Walmart da Gap, suka ƙi shiga, suka kafa nasu tsarin mai sassauci. Duba ko kamfani ya sa hannu a irin wannan yarjejeniya ya fi karanta shafi ɗari na rahotonsa. Haka batun albashi yake. Jimlar da ke cewa kamfani yana biyan abin da dokar ƙasa ta tanada ba yabo ba ce, domin a ƙarshen 2023 da Bangaladash ta ɗaga mafi ƙarancin albashin masu ɗinki daga taka 8,000 zuwa 12,500 a wata, ƙungiyoyin ma'aikata 23,000 suka nema a matsayin abin da zai riƙe gida. Wanda ya ce yana kare ƙasa amma mai ɗinka masa kaya ba ta iya ciyar da 'ya'yanta, iƙirarinsa ya tauye tun daga tushe.

Kamfanin da ke da gaskiya yakan wallafa sunaye da adireshin masana'antunsa, har da masaƙu da marina, ba masu ɗinki kaɗai ba. Rashin yin hakan babbar alama ce, amma yin sa bai isa ba. A jadawalin bayyana gaskiya da ƙungiyar Fashion Revolution ta fitar a 2020, H&M ne ya zo na ɗaya, kuma ƙungiyar da kanta ta nanata cewa abin da take aunawa shi ne yawan bayanin da aka fitar, ba kyawun halin da bayanin ya nuna ba.

Ɓangaren hayaƙi mai ɗumama yanayi yana da nasa dabarun. Kamfani zai yi shelar cewa duk kantunansa da ofisoshinsa suna aiki da wutar rana ko ta iska, alhali mafi yawan hayaƙin da riga ke jawowa yana fitowa ne daga kaɗi da saƙa da rini, inda har yau ake hura tukwanen tururi da kwal a ƙasashen Asiya da dama. Ko kuma ya ce ya rage hayaƙin kowace riga da kaso kaza, ya ƙi faɗin cewa yawan rigunan ya ƙaru har jimillar hayaƙin ta haura ta bara. A watan Agusta na 2025 hukumar gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar kamfanin da ke tafiyar da shafin sayar da tufafi na Shein a Turai yuro miliyan 1, kuma cikin dalilanta akwai alkawarin rage hayaƙi da kashi 25 cikin 100 nan da 2030 da aka yi ta tallatawa a daidai lokacin da hayaƙin kamfanin ya ƙaru a 2023 da 2024.

Wannan ne ya kawo mu ga tambayar da a ganina ta fi dukkan sauran nauyi, kuma ita ce kamfanoni suka fi ƙin amsawa: guda nawa kuke ɗinkawa a shekara, nawa ne ba a sayar ba, ina kuma kuka kai su? Rahoton nan na 2017 ya nuna cewa tufafin da duniya ke samarwa sun kusa ninkawa tsakanin 2000 da 2015, yayin da yawan sawar da ake yi wa kowace tufa kafin a yar ya ragu da kashi 36 cikin 100. Kamfanin da ribarsa ta dogara da fito da sabon salo kowane mako, a farashin da zai sa mai saye ya ga gyara ɓata lokaci ne, ba zai zama mai kula da muhalli ba don ya ware wani ɗan sashe na kayansa ya sa masa koren tambari. Ingancin zare na iya rage ɓarnar riga ɗaya da wani kaso, amma ƙarin yawa yana cinye wannan ragin ya wuce. Tsada ma ba kariya ba ce, domin Burberry, wanda kayansa sai masu hali, ya bayyana a rahotonsa na 2018 cewa ya ƙone kayan fam miliyan 28.6 da ba a sayar ba don kada su zube a kasuwa darajar sunansa ta faɗi, bai kuma daina ba sai da aka yi masa ca.

Amsar da manyan kantuna suka ƙirƙiro ga wannan ƙorafi ita ce akwatin karɓar tsofaffin kaya, inda mai saye zai ajiye tsohuwar rigarsa a ba shi takardar rangwame ya sayi sabuwa. A 2023 gidauniyar Changing Markets ta sa na'urar bin sawu a tufafi 21 masu kyau ta zuba su a irin waɗannan akwatuna a Turai, sai ta ga kusan kashi uku cikin huɗu an lalata su, ko an jibge su a ɗakunan ajiya, ko an turo su Afirka, har wani siket da aka ajiye a Landan ya ƙare a wani fili a Mali. A nan ne maganar ta shigo gidanmu, domin dilolin gwanjon da ake kwancewa a Kantamanto ta Akra, da waɗanda ke ratsowa ta Kwatano har su iso Ƙofar Wambai a Kano, su ne ƙarshen hanyar da tallan Turai ba ya nunawa. Gidauniyar Or, mai aiki a Kantamanto, ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara, ko da yake ƙungiyar dillalan gwanjo ta Gana ta ce adadin bai kai haka ba ko kusa. Ko wane lissafi aka ɗauka, tarin tsummokaran da ke toshe tafkin Korle da bakin tekun Akra a fili yake. Ya kamata a yi adalci a nan, domin gwanjo sana'a ce da ke ciyar da dubban gidaje, kuma masu wanki da guga da faci da sake rini a waɗannan kasuwanni su ne ke yin aikin tsawaita rayuwar tufa da kamfanoni ke karɓar yabo a kansa. Kukan 'yan kasuwar shi ne sun biya kuɗin dila a rufe, su kwance su tarar da rabin kayan rubabbu ne tun daga masana'anta. Saboda haka kamfanin da ke tinƙaho da akwatin karɓar kaya sai a tambaye shi kaso nawa aka sake sawa, a wace ƙasa, kuma ko yana biyan wani abu ga birnin da zai kwashe sharar.

Akwai kamfanonin da suka fi wasu, kuma ana gane su da abubuwan da ke cin kuɗinsu maimakon waɗanda ke ƙara musu ciniki. Patagonia na Amurka, alal misali, yana gyara kayansa da suka yage, yana sayen tsofaffinsu ya sake sayarwa, kuma ya taɓa bayyana da kansa cewa bincikensa ya gano bautar da ma'aikata baƙi a masaƙun Taiwan da ke ba shi yadi. Fitar da irin wannan labari mara daɗi ya fi mini kowane tambari zama hujja. Duk da haka, tallansa na 2011 da ya roƙi mutane kada su sayi wata rigar sanyinsa bai hana cinikinsa haɓaka ba, kuma yawancin kayansa na roba ne. Ƙananan kamfanoni kuwa sau da yawa ba su da kuɗin sayen takardar shaida, don haka rashinta a wurinsu ba laifi ba ne, matuƙar za su iya faɗin inda suka sayi yadi da wanda ya ɗinka. Sai dai kalmar aikin hannu ita ma ba wanki ba ce, domin rinin baba irin na Ƙofar Mata daban yake da rinin kanti da ake haɗawa da soda mai ƙuna a malalar da ruwansa a kwata, ko da duka biyun hannu ne ya yi su. Abin da mai saye zai iya dubawa da kansa shi ne kaurin yadi, da ƙarfin ɗinki da kalmasa, da ko an gauraya zare iri biyu ko uku, wanda ke sa sake sarrafawa ya yi wuya ƙwarai.

Dokoki sun fara tsananta, musamman a Turai. Faransa ta haramta lalata tufafin da ba a sayar ba tun daga 2022. A Birtaniya hukumar gasar kasuwanci ta sa ASOS da Boohoo da George na Asda sun rattaba hannu a 2024 cewa za su daina amfani da kalmomi masu harshen damo. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2024, wadda aka tsayar da 27 ga Satumba, 2026 a matsayin ranar fara aiki da ita, da ta hana kiran kaya masu kare muhalli ba tare da hujja ba, ta hana tamburan da kamfani ya ƙirƙira wa kansa ba tare da mai tantancewa na waje ba, ta kuma hana cewa kaya ba su ƙara hayaƙi don kawai an biya kuɗin dasa itatuwa a wani wuri. Wannan dokar tana gyara abin da za a rubuta a jikin riga ne, ba ta iyakance yawan rigunan da za a ɗinka ba, kuma ikonta bai kai ga kantin da ke Kano ko Maraɗi ba, inda kayan da aka hana wa wannan kirari a Turai za su iya isowa da tambarinsu a rataye.